Korar masu neman mafaka: Kada Turai ta sassauta Sashe na 3

A ranar 22 ga Satumba, 1998, jami'an tsaron Beljiyam suka danne fuskar Semira Adamu, 'yar Nijeriya mai shekara 20, da matashin kai a cikin jirgin da zai kai ta Togo, abin da ya yi sanadin rasuwarta. Hukuma ce ta ƙi amincewa da buƙatarta ta neman mafaka, ita kuma ta ƙi tafiya. Ministan harkokin cikin gida, Louis Tobback, ya yi murabus, amma jami'an da kotu ta samu da laifi a 2003 ɗaurin je-ka-ka-gyara-halinka kawai aka yi musu.

Babu mai musun cewa kowace ƙasa tana da ikon korar baƙon da ba shi da hujjar zama. Sai dai wannan iko yana da iyaka. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, ba tare da togaciya ba. A shari'ar Chahal ta 1996, kotun Strasbourg ta hana Birtaniya mayar da wani ɗan Sikh ƙasar Indiya, duk da cewa gwamnati ta ce barazana ne ga tsaro. Ta sake jaddada wannan matsayi a 2008, lokacin da Italiya ta nemi tasa ƙeyar wani ɗan Tunisiya. Hujjar kotun ita ce, wanda ya miƙa mutum ga mai azabtarwa yana da hannu a azabar.

Wannan katanga ce ake neman rushewa. A watan Mayu na 2025, shugabannin ƙasashe tara, bisa jagorancin Italiya da Denmark, suka rubuta wasiƙar neman a sake duba yadda kotun ke fassara yarjejeniyar, domin a sauƙaƙa korar baƙi masu laifi. Mun fahimci matsin da suke fuskanta daga masu zaɓe. To amma jami'in da ke tantance takardu yana iya kuskure, kuma kotu ce kaɗai ke iya gyara shi kafin jirgi ya tashi.

Mu ma da namu nauyin. Sau da yawa sai ofisoshin jakadancin Nijeriya sun bayar da takardar tafiya ta gaggawa kafin a iya koro ɗan ƙasar nan. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Waje ta umarce su da kada su sa hannu sai sun gana da mutumin, sun tabbatar ya kammala ɗaukaka ƙara, likita kuma ya duba lafiyarsa.