Wanda Ya Sha Ciwo Shi Ya San Zafinsa

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Haka ciwo yake, wanda ya sha shi ya fi kowa sanin zafinsa.

Kusa da birnin Faris, ƙasar Faransa, akwai wani asibiti wai shi Bicetre. A da, da sarƙa ake ɗaure masu taɓin hankali a cikinsa. Wani mutum, sunansa Pussin, ya yi jinya can a shekarar 1771. Da ya warke aka ba shi aiki, har ya zama shugaban sashensu. Ya hana a doke su, a 1797 kuma ya kwance musu sarƙa. In yana neman ma'aikata, sai ya zaɓi waɗanda suka yi ciwon suka warke, gama ya ga sun fi tausayi.

Yau asibitoci da yawa a Ingila da Amurka suna ɗaukar irin waɗannan mutane aiki. Su ba likitoci ba ne, ba su ba da magani. Aikinsu su zauna da majinyaci, su saurare shi, su raka shi wurin likita. Shi kuwa in ya ga wanda ya warke, sai ya sa rai.

Waɗansu suna cewa wanda hankalinsa ya taɓa gushewa ba abin amincewa ba ne. Wannan kuskure ne babba. Bai kamata yara su bi shi da tsokana ba, ko manya su hana shi aiki, domin ya san abin da mai lafiya bai sani ba.