Akwatin Intanet Na Gida: Wa Ke Da Alhaki In Ya Lalace?

Wanda ya bi unguwannin da ke kewayen Ƙofar Guga a birnin Katsina da dare, in ya buɗe wayarsa, zai ga sunayen akwatunan intanet na gidaje sun jeru. Wannan ɗan akwati, wanda samari ke kira rauta, shi ne ke karɓo intanet daga kamfani ya watsa wa mutanen gida ta iska. Mai gida ya kan saye shi, ya yaga kwali, ya jefar da takardun da ke ciki. To, a kan takardun nan muke so mu yi magana, domin guda biyu daga cikinsu sun shafi aljihunsa, sun kuma shafi maƙwabcinsa.

Ta farko ita ce takardar garanti, watau alkawarin da masu ƙira suka ɗauka na gyara ko musanya in abin ya lalace cikin wa'adi. Alkawarin yana da daɗin ji, amma sai a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Galibi sukan ce ba ruwansu in wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, ko aradu ta faɗa, ko ruwa ya shiga, ko wani mai gyara ya kwance shi. Jama'a, in aka cire waɗannan, me ya rage? Kowa ya san yadda wuta ke zuwa ta koma a garuruwanmu, ga janareta, ga tsawar damina. Abin da ya fi kashe akwatin a Katsina shi ne ainihin abin da aka tsame daga alkawarin. Har wa yau da yawa daga cikinsu sukan ƙayyade cewa garantin na aiki ne a ƙasar da aka fara sayar da kayan, ga wanda ya fara saye. Saboda haka wanda ya sayi na hannu, ko wanda ɗan'uwa ya riƙo masa daga Dubai, takarda ce kawai a hannunsa.

Amma fa mai saye bai rasa gata ba, sai dai bai san inda gatan nasa yake ba. A farkon shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar Tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce duk kayan da aka sayar akwai alkawarin inganci a kansa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma in aibu ya bayyana cikin wata 3 mai saye na da ikon mayar da shi ga wanda ya sayar masa, a gyara, ko a musanya, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun nan da ake mannawa a kanti cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke doka. A Tarayyar Turai wa'adin shekara 2 ne, namu gajere ne ƙwarai, amma ko gajeren ba a cin moriyarsa. Dalili kuwa, cinikinmu na baki ne. Mutum ya kan ji nauyin ya ce wa ɗan unguwarsu ya rubuta masa rasit, kamar ya tuhume shi da rashin amana. Ran da akwati ya mutu, sai a koma rantse-rantse.

Takarda ta biyu ta fi wuyar fahimta. Ita ce shaidar cewa akwatin ba zai dami na'urorin wasu ba. Rauta ƙaramin gidan rediyo ne, yana watsawa yana karɓa, yawanci a zangon gigahaz 2.4 da na 5. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe irin waɗannan zanguna domin kowa ya yi amfani da su ba tare da lasisi ba, muddin bai wuce ƙarfin da aka yanka ba, sauran ƙasashe kuma suka bi da nasu sharuɗɗan. Ke nan zangon kamar rijiyar unguwa yake, kowa da gugansa. A zangon 2.4 hanyoyi uku ne rak ba sa hawa kan juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11. In gidaje goma da ke jingine da katangar juna suka taru a kansu, dole kowa ya jira wani. Nan ne za ka ji mai gida na zagin kamfani a kan intanet ba ta gudu, alhali cunkoson a zaurensa yake.

Abin ya kan wuce ɓacin ran maƙwabta. A Amurka, wajen 2009, an gano na'urorin da ke aiki a zangon 5 suna rikita na'urar hangen hadari ta filayen jirgin sama, har aka tsananta ƙa'ida. A nan gida ma, a 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi kashedi a kan na'urorin ƙara ƙarfin sabis da mutane ke kafawa a rufin gida ba da izini ba, domin wanda ya kafa ya kan samu, na kusa da shi su rasa.

Tambarin FCC da na CE da ake gani a gindin akwati shaida ce ta cika sharuɗɗan Amurka da na Turai. Ba su ne izinin Nijeriya ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC tantance kowane irin kayan sadarwa kafin a sayar da shi a ƙasar nan, kuma hukumar na da jerin waɗanda ta amince da su. A ganinmu nauyin duba jerin nan bai kamata ya faɗa kan malamin makaranta da ya zo sayen akwati ɗaya ba. Na mai shigo da kaya ne, da dillalin da ke saro su daga Kano ko Legas.

Takardun biyu kuwa a ɗaure suke da juna. Yaron da ya ce zai buɗe maka akwatin da kamfani ya kulle domin ya karɓi kowane layi, ko ya ƙara masa ƙarfi ya kai har bayan gari, a aiki ɗaya ya zubar maka da garanti, mai yiwuwa kuma ya fitar da akwatin daga ƙa'idar da aka tantance shi a kai.

Ofishin shiyya na NCC mafi kusa da mutumin Katsina a Kano yake. Akwai lamba 622 ta kai ƙara kyauta, amma an tanade ta ne domin kukan da aka kai wa kamfanin waya bai share ba. Takardun cikin kwali kuma ba mu taɓa ganin wadda aka rubuta da Hausa ba. Muna roƙon hukumomin biyu su fitar da bayanin wata ukun nan da Hausa, a karanta a gidajen rediyon jihar, a kuma manna shi a kantunan da ake sayar da kayan.