BA KULLUM NE LAIFIN NEPA KO KAYAN CANA BA

Yau ba siyasa zan yi ba, maganar ruwa ce.

Da na je gida Dole Kaina hutun Sallah, na tarar da yayana cikin ɓacin rai. Injin rijiyar burtsatsen gidansa ya sake ƙonewa, karo na uku cikin shekara biyu. Ya zagi kayan Cana, ya zagi NEPA, har ya fara zargin ko akwai hannu a ciki. Da aka ɗaura sabo, na zauna kusa da wurin ina sauraro. Yarinya ta buɗe famfo za ta cika jarka: ƙas, inji ya tashi, ƙas, ya mutu, ƙas, ya sake tashi. Kafin jarka guda ta cika ya tashi sau uku. Na ce masa, Yaya, ga abin da ke kashe maka inji nan, kuma wannan sabon ma yana kan hanya.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, aiki ba ya gajiyar da injin ruwa kamar yadda tashi ke gajiyar da shi. Duk lokacin da zai tashi, yana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake sha in yana tafiya daidai. Wannan fizgar tana ɗumama kwayil ɗinsa, kuma ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya shi. In ya mutu kafin ya huce, ya sake tashi, zafi na hawa kan zafi har wata rana ya ƙone. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan injuna suke cewa ƙaramin injin gida, in ya tashi, ya yi aƙalla minti 1 yana aiki; babba kuwa minti 2.

To me ke hana shi cika mintin? A gidan yayana, wata 'yar jar tukunyar iska ce mai lita 24 aka haɗa masa. Irin wannan tanki, iska ce ke cin mafi yawan cikinsa, ruwan da yake bayarwa kafin inji ya sake tashi bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wato kamar lita 7. Injin kuwa yana zuba kusan lita 40 a minti. Ku yi lissafi: cikin daƙiƙa 10 ya cika ta ya mutu. Injin da ke ba da lita 40 a minti yana buƙatar tankin da zai ajiye masa lita 40, wato mai girman lita 150 ko kusa da haka. Nan duk matsalar take.

Masu tankin sama, kada ku ce ba ruwanku. In an ɗaure igiyar otomatik ɗin da ke yawo a kan ruwa gajere, da an ɗebi bokiti biyu inji zai tashi. A sassauta ta, sai tanki ya sauka wajen rabi tukuna. Haka famfo mai ɗiga ko masai mai zuba yana tayar da inji cikin dare kowa na barci. Sannan wanda ya saka ƙaton inji a rijiya mai ƙarancin ruwa, musamman da bazara, zai zuƙe ta ya koma jan iska.

Na san za a ce, Malam, babban tanki tsada gare shi. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuma mu da ke bakin iyaka, masu hulɗa da Gaya da Malanbil, mun fi kowa sanin yadda naira ta koma a gaban sefa. Kuma ban ce babu jabun kaya ko wuta mara ƙarfi ba, akwai su. Amma tanki sau ɗaya ake saye. Inji uku, da kuɗin ciro shi daga rijiya sau uku, da kuɗin ɗauko mai gyara daga Kamba ko Birnin Kebbi, wanne ya fi? Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Rijiyar gida ɗaya a garuruwanmu, unguwa guda take shayarwa. Ranar da injin yayana ya tsaya, matan maƙwabta da yara ne suka koma bakin kogi da jarkoki. Kowa ya san abin da ruwan Neja da na tabki ke jawo wa yara: tsargiya da gudawa. Kuma ina da yaƙinin cikin rijiyoyin gwamnati da na 'yan siyasa da muke gani a mace daga Dandi har Bagudo, akwai waɗanda irin wannan ƙaramin sakaci ne ya kashe su. Mu ma'aikata da ke sa hannu a takardar karɓar aiki, nawa ne cikinmu suka taɓa tsayawa su ga yadda inji ke tashi da mutuwa? Ruwa ya fito, an ɗauki hoto, shi ke nan.

Ga abin da kowa zai iya yi yau. Buɗe famfo, ka duba agogon wayarka; in inji bai cika minti ba yake mutuwa, akwai gyara. In kana da tankin iska, kashe wuta, ka tsiyaye ruwan, ka danna bawul ɗinsa irin na taya. In ruwa ya fito maimakon iska, robar ciki ta fashe. In iska ce, aro ma'aunin mai faci: ta zama ƙasa da inda inji ke tashi da maki 2, misali 28 in yana tashi a 30.

Ku kuma masu haɗa famfo, ku ji tsoron Allah. Ku faɗa wa mutum gaskiyar tankin da ya dace da injinsa, ko da zai ce kun cika tsada.

Duk wanda injinsa ya taɓa ƙonewa, ya faɗa mana wata nawa ya yi. Allah Ya sa mu dace.