Agogon naka ne, amma gyaransa a hannun wa yake?

Wanda ya sayi agogon hannu na alfarma, irin su Rolex, Omega ko Patek Philippe, yakan ɗauka ciniki ya ƙare ranar da ya biya kuɗi. Sai bayan shekaru, idan agogon ya fara jinkiri, yake gane cewa da sauran magana tsakaninsa da kamfanin.

Dalili kuwa shi ne, akasarin irin waɗannan agoguna ba sa aiki da batir. Sifirin ne ke juya wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora, kuma a yawancin na zamani zuciyar injin tana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 691,200 a kowace rana. Man da ke tsakanin ƙarafan yakan bushe, robar da ke tare ruwa takan saki. Shi ya sa Rolex ke ba da shawarar a yi sabis kusan duk shekara 10, Omega kuma tsakanin shekara 5 zuwa 8.

A yaba wa kamfanonin inda suka cancanta. A cibiyarsu ana warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sauya abin da ya ci, a sa sabon mai, a gwada daidaiton lokaci da jure ruwa. Rolex na ba da garantin shekara 2 a kan aikin, ta kuma yi alkawarin ajiye kayan gyaran kowane samfuri na aƙalla shekara 35 bayan daina ƙera shi. Patek Philippe ta ce za ta gyara duk agogon da ta ƙera tun daga 1839. Ba kowace masana'anta ke iya ɗaukar irin wannan alkawari ba.

Sai dai abin da kamfani ke kira gyara ba lallai ne ya zama abin da mai agogo ke nufi ba. Burin kamfani shi ne agogo ya fito kamar yau aka ƙera shi. Saboda haka fuskar da ta koɗe ana iya sauya ta da sabuwa, hannayen da haskensu ya mutu a cire su, jikin kuma a goge shi, alhali kowace guga tana cin ƙarfe, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Sau da yawa ma tsofaffin kayan a wurin kamfani suke zama. Ga masu tara tsofaffin agoguna, wannan asara ce. A 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a birnin New York kan dala miliyan 17.8, kuma tarihinsa aka saya da wannan kuɗi. Haka abin yake ga wanda ya gaji agogon mahaifinsa: ƙarzanen da ke jikinsa na cikin gadon.

Wani zai ce, to, a kai wa wani gwani mai zaman kansa mana, wanda zai saurari mai kaya. Nan gizo ke saƙar. Gwani ba ya aiki sai da kayan gyara na asali, kamfanoni kuwa sun daɗe suna tsuke hanyar samunsu. Daga ƙarshen 2015 rukunin Swatch na ƙasar Suwizalan, mai Omega da Longines da Tissot da masana'antar injina ta ETA, ya daina sayar wa dillalan da masu gyara ke saye a wurinsu. Tun a 2004 ƙungiyar masu gyaran agogo ta Turai, CEAHR, ta kai ƙorafi gaban Hukumar Tarayyar Turai. Hukumar ta rufe binciken a 2014, kotun Tarayyar kuma ta goyi bayanta a 2017.

Hujjar kamfanonin ita ce kare inganci da toshe ƙofar jabu, kuma ba hujjar banza ba ce. Ɗan koyo na iya lalata injin miliyoyi cikin minti biyar. Suna kuma ba wasu masu gyara izini idan sun cika sharuɗɗa. Amma kamfanin da ke gasa da mai gyara shi ne ke gindaya masa sharaɗin, shi ne kuma ke iya janye izinin. Wanda ke da wuƙa da nama haka, shi zai yanka farashi da tsawon jira yadda ya so. Turai ta tilasta wa kamfanonin mota buɗe bayanan gyara ga gareji masu zaman kansu, motoci kuwa ba su lalace ba saboda haka. Dokarta ta 2024 kan 'yancin gyara ta haɗa da waya da injin wanki, agogo bai shiga ba.

A ganina, abin da ya dace shi ne a fitar da jarrabawa da sharuɗɗa a fili, duk gwanin da ya ci a sayar masa da kaya. Cibiyar kamfani ta ci gaba da aikinta, ta jawo mutane da ƙwarewarta.

Kafin a kai ga haka, mai agogo ya kare kansa. Ka ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare kafin ka miƙa shi. Ka nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce, wanda ya bambance aikin dole da na ganin dama. Idan ba ka son a goge jikin ko a taɓa fuskar, ka rubuta haka a takardar karɓa, ka kuma tambayi makomar kayan da za a cire. In aka ce ba za a yi aikin ba sai da sauyin da ba ka yarda da shi ba, karɓi agogonka ka koma gida ka yi shawara.