Harawar Motar Zamani: A Tanadi Wurin Caji A Yankari Tun Kafin Baƙi Su Iso



Kowa a cikinmu ya san abin da ake nufi da zango, tun da yake a cikinsa yawancinmu muke zaune. A zamanin fatauci, in madugu zai zaɓi wurin da ayari zai yada zango, abu biyu yakan fara tambaya, watau ruwa da abincin dabbobi. Zangon da ba shi da harawa, komai inuwarsa, fatake ba su kwana biyu a cikinsa. Kuma harawar nan ba sadaka ba ce. Dami-dami ake sayar da ita, mai jaki goma ya biya kuɗin goma, mai guda ya biya na guda.

Na kawo wannan ne domin wata sabuwar dabba ta shigo ƙasarmu, ita ce mota mai aiki da lantarki, wadda harawarta wuta ce. Mu da ke Ikko mun fara ganinta a titi. A watan Nuwamba na 1962 ba wanda zai yi mafarkinta, amma a Nuwamba na 2020 kamfanin Stallion ya nuna motar Hyundai Kona mai batir da aka harhaɗa a nan Ikko. A 2021 hukumar tsara motoci ta Gwamnatin Tarayya, a lokacin shugabancin Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta kuma buɗe wani a Jami'ar Ikko. A Maiduguri wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mai da ƙananan bas-bas masu shan fetur su koma na batir. Bayan da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haye Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Tun daga nan maganar motar lantarki ta bar bakin masu kuɗi kaɗai, ta shiga tasha.

To, ra'ayina shi ne wannan: lalle ne Jihar Bauchi ta tanadi wurin cajin waɗannan motoci a sansanin Wikki da ke dajin Yankari, da kuma cikin garin Bauchi. A yi shi da hasken rana, a sa masa mita, kowa ya biya gwargwadon abin da motarsa ta sha. Kada a bari sai baƙi sun fara zura waya ta tagar ɗakin kwana sa'an nan a ce za a yi shawara.

Me ya sa Yankari? Domin ita ce babban zangon baƙi na jiharmu. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba, 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya komo hannun jiha a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, yana cikin Ƙaramar Hukumar Alƙaleri, kuma a cikinsa ne giwaye ke saukowa kogin Gaji da rani. Ga kuma ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ba ya barin awo 31, dare da rana, rani da damina. Daga garin Bauchi mutum zai kama hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya shiga ta ƙofar Mainamaji, sa'an nan ya ƙara tafiyar fiye da kilomita 40 cikin daji kafin ya kai sansanin. Jimla kimanin kilomita 110 ke nan.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na direba. Batirin Kona ɗin nan yana ɗaukar yunit 64, irin yunit ɗin da muke saye a mitar kati. A takarda an ce caji ɗaya zai kai kilomita 480, amma da zafinmu, da na'urar sanyi a kunne, da kaya, da ramukan hanya, mai hankali ba zai dogara da wannan adadi ba. Wanda ya taso daga Jos zai yi kimanin kilomita 240 kafin ya kai Wikki, zuwa da komowa 480 cif, watau ba rarar ko taku ɗaya. Wanda ya taso daga Kano kuwa zai yi kusan 400, ya iso batirinsa na haki. Mai motar fetur yakan jefa jarka a but ya huta. Mai motar batir ba shi da jarka. In ba wurin caji a inda zai kwana, ba zai zo ba sam, ko kuwa ya zo ya nemi soket mafi kusa. Hatsarin yana nan.

Mutanen Turai sun riga mu shan wannan wahala, kuma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A Ingila da Faransa da Jamus akwai filayen shaƙatawa inda iyali kan je da tanti, ko da wani ɗakin kwana mai taya da ake ja da mota. A kowane gurbi akan kafa ɗan turke mai soket domin fitila da firji da butar shayi. Mafi ƙarfinsu yakan ba da amfiya 16, watau kilowat uku da rabi da 'yan kai, wasu kuwa 10 ne ko 6. Masu shimfiɗa wayoyin sun yi lissafinsu ne a kan cewa ba kowa zai ja wuta mai yawa a lokaci guda ba, domin butar shayi minti biyar take yi ta mutu. Da motocin batir suka zo sai lissafin ya rushe. Mota ba ta kurɓa, ɗaukewa take yi. Ƙaramar wayar caji da ake sawa a soket na gida tana jan kilowat 2.3 ba hutawa, kuma kafin ta cika batir mai yunit 64 sai ta yi kusan awa 28. Soket da waya su yi ta ɗaukar zafi dare farai, in motoci suka yi yawa wutar layin duka ta yanke. Saboda haka waɗansu filayen suka hana caji a turken gurbi, waɗansu suka sa kuɗi na dabam, masu hangen nesa kuma suka kafa na'urar caji ta musamman mai layinta da mitarta. Irin mai kilowat 7 takan cika wannan batir cikin awa 9 zuwa 10, daidai barcin dare ɗaya.

Mu ba sai an kai mu Turai ba kafin mu gane wannan. Wa bai zauna gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da mita ɗaya ba? Na taɓa zama irinsa shekarun da na fara zuwa Ikko. Mutum ɗaya ya sayo risho na lantarki yana dafa wake a ɓoye, kullum fis na ƙonewa, ƙarshen wata kuma a raba kuɗin wuta daidai wa daida tsakanin mai risho da mai ƙwai ɗaya. Zumuncin da ya mutu a gidan nan ya fi fis ɗin da suka ƙone yawa. Motar batir guda tana iya shanye a dare ɗaya abin da ƙaramin gida zai yi mako yana amfani da shi. In aka haɗa kuɗin wutarta cikin kuɗin ɗaki, to, malamin makarantar da ya kawo yara a bas, da ɗan kasuwar da ya zo da iyalinsa ranar Sallah, su ne za su biya wa mai sabuwar mota harawa. Wannan ba adalci ba ne.

Sai kuma tambayar inda wutar za ta fito. Sansanin da ke tsakiyar daji abokinsa injin janareta ne. Litar dizal ɗaya a irin wannan inji takan ba da kimanin yunit 3. Zuwa Wikki da komowa Bauchi zai ci wa mota wajen yunit 40, watau lita 13 na dizal ke nan, wanda sai an ɗauko shi da mota tun daga gari. An gudu ba a tsira ba. An bar fetur an koma dizal, ga ƙara, ga hayaƙi, a wurin da mutane suka biya kuɗi don su ji kukan tsuntsu. Dogaro ga babban layin ƙasa kuma, mun ga darasinsa a Oktoba na 2024, sa'ad da yawancin jihohin Arewa, har da Bauchi, suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta.

Abin da Allah ya hore mana a yalwace shi ne rana. A ƙasar Bauchi farantan hasken rana masu ƙarfin kilowat 10 suna iya tara yunit 40 zuwa 50 a yini mai haske, watau harawar mota ɗaya. Rumfa mai kilowat 50 za ta ciyar da mota huɗu ko biyar, ta kuma yi musu inuwa. Ga wata dacewa: baƙon da ya shiga ruwan Wikki ya manta da agogo, motarsa tana ajiye ne daidai lokacin da rana ke tsaka, don haka ba sai an tara dukan wutar a manyan batura masu tsada ba. Ranar da babu motar caji kuwa, wutar ba ta ɓaci ba, sai ta tafi ga famfon ruwa da firjin kicin da ofishin masu gadin daji, a rage wa janareta aiki. Abu ɗaya dai, duk wanda ya kwana a Wikki ya san gwagguna da gadoji su ne masu gari. Wayar da aka bari a fili ba za ta ga Juma'a biyu ba. A binne ta cikin bututu, a killace na'urar, da hunturu kuma a riƙa share ƙurar farantan.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini shi a gaban mai shayi: ana ga yaƙi kana ga ƙura. Unguwanni a cikin garin Bauchi suna kwana ba wuta, asibitocin ƙauye suna karɓar haihuwa da tocila, kai kuma kana kukan motar attajirai. Wannan magana tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba. Da a ce kuɗin magani za a ɗiba a yi wa baƙi kyautar wuta, da ni ne farkon mai cewa a'a. Amma dalilin da ya sa na nace a kan mita ke nan. Abin da ake sayarwa da awo yana iya biyan kansa, kuma ɗan kasuwa zai iya zuba jarinsa a ciki ba tare da an taɓa baitulmali ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu, saboda haka ba a da hujjar cewa ana jiran Abuja. Sa'an nan in za a kafa irin wannan rumfa a ƙofar Mainamaji, lalle ne a rubuta cikin yarjejeniya cewa rarar wutar ta mutanen ƙauyen ce. Mutanen da giwa ke ci wa gona sun fi kowa cancantar su ga fitila saboda dajin nan. Wanda ya ci moriyar daji shi ne zai tsare shi daga maharba.

Wani kuma zai ce motocin ba su da yawa tukuna. Gaskiya ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ba zai saya ba sai ya ga wurin caji, mai wurin caji ba zai kafa ba sai ya ga mota, dole wani ya fara. Ba na cewa a gina katafaren abu don a yanka zare a ɗauki hoto. A fara da na'ura biyu ko uku a Wikki, da guda mai sauri a cikin gari kusa da masaukan baƙi ko tashar Yankari Express, inda matafiyi zai yi salla ya ci abinci kafin ya kama hanyar Dindima. A liƙa farashin yunit a allo kowa ya gani. A kuma rubuta doka a ƙofar kowane ɗaki cewa an hana cajin mota daga soket.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafarku, ku 'yan'uwa na Kurmi. A cikinku akwai direbobi da makanikai da masu gyaran wayar mota da dillalan kayan gyara, kuma ku ne kuke fara ganin sabon abu kafin ya haye Kwara. Bauchi ta taɓa zama garin harhaɗa motoci, lokacin da kamfanin Steyr ya fara fitar da manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970. Da masana'antar ta yi sanyi, gwanaye da yawa suka watse, waɗansunsu ma suna nan tare da mu. Kada wannan karon mu zama 'yan kallo. Motar batir ba ta da kabireta, ba ta son juyen baƙin mai, amma tana bukatar wanda ya san batir da waya da na'urar caji. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana nan, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga ta Tatari Ali. In aka kafa na'ura a Wikki ba a koya wa yaranmu gyaranta ba, ranar da ta tsaya sai a jira wani ya zo daga Ikko, kafin nan gwagguna sun mai da ita kujera. Wanda yake da ɗa a gareji, ya tura shi ya koyi wannan fanni tun yanzu. Ƙungiyoyinku na 'yan asalin jiha kuma, in za su rubuta wa wakilansu na Majalisar Dokoki, su sa wannan batu a cikin takarda.

Kakanninmu sun san cewa zango ba ya cika sai da ruwa da harawa da mudu na gaskiya. Wikki tana da ruwan da babu irinsa a ƙasar nan. Saura harawa da mudu. Allah ya ba shugabanninmu ikon tanadinsu a kan kari, ya kuma kai mu gida lafiya, amin.