Lissafin da ke rage wa masana'anta awa huɗu

Malamai da iyaye, ga wani lissafi da nake ganin ya kamata ya shiga azuzuwan kwaleji: tsara aiki a masana'anta, wato wane aiki zai fara hawa inji, wane zai jira.

A 1954 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Selmer Johnson, ya warware matsalar inji biyu. Ku ɗauki maɗaba'a: kowane littafi sai an buga shi kafin a ɗinke. Littafi na farko bugunsa awa 5, ɗinkinsa awa 2. Na biyu awa 3 da awa 3. Na uku awa 1 da awa 4. Idan aka bi su yadda suka zo, mai ɗinki zai zauna hannu rabbana har awa biyar, aiki ba zai ƙare ba sai bayan awa 15.

Dokar Johnson ta ce a nemi lokaci mafi gajarta. In na bugu ne, wannan aikin ya shiga gaba; in na ɗinki ne, ya koma ƙarshe; sai a maimaita da sauran. Na uku zai fara, na biyu ya bi, na farko ya rufe. Awa 11 ke nan. Ba a sayi sabon inji ba, ba a ƙara ma'aikaci ba.

Tarawa da kwatanta lambobi ne kawai a nan, ɗan aji shida ma zai iya. Amma da zarar inji ya kai uku, zance ya sake: a 1976 masana suka nuna matsalar tana cikin masu wuyar gaske, har ga kwamfuta. Ayyuka goma kacal ana iya jera su ta hanya miliyan 3 da dubu 628 da 800. Shi ya sa manyan masana'antu kan nemi tsari mai kyau cikin hanzari maimakon jiran mafi kyau duka.

Na san wasu abokan aiki za su ce manhaja ta cika, kuma jarrabawar BEPC ba ta tambayar wannan. Gaskiya ne. To amma awa ɗaya nake roƙo, ba zango ba. Muna da matatar mai a Damagaram da masana'antar siminti a Malbaza, kuma yaron da ke tambayarmu amfanin lissafi ya cancanci amsa mai lambobi. Iyaye kuma su kai shi shagon tela ana saura mako guda salla, ya auna lokacin yanka da na ɗinki, ya jera kayan da kansa.