Shishar aljihu da sigari: wanne ya fi cin huhu?

Makon jiya gardama ta kaure a ɗakinmu na kwanan ɗalibai. Wani abokina ya zaro 'yar na'urar nan mai kama da alƙalami, wadda wasu ke kira sigarin laturoni, ya zuƙa, nan take ɗakin ya game da ƙamshin mangwaro. Da na yi magana sai ya ce, "Haba malam, ai ba taba ba ce, tururi ne kawai." Abin da ya dame ni shi ne, yaron nan bai taɓa kunna karan sigari ba a rayuwarsa.

Ba zan ce ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Babbar illar sigari daga ƙonewa take fitowa. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki na jawo ciwon daji. Akwai kwalta mai manne wa hanyoyin numfashi, akwai iskar kabon monoksayid da ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa yadda ya kamata. Hayaƙin yana kashe ƙarfin 'yan gashin nan da ke share majina da ƙura daga huhu, sannu a hankali kuma ya lalata ƙananan jakunkunan iska, waɗanda ba sa sake tsirowa. Shishar aljihu ba ta ƙona ganye, ruwa take dumamawa. Shi ya sa a 2015 hukumar lafiya ta Ingila ta ce illarta ba ta kai ta sigari ba da kusan kashi 95 cikin ɗari, adadin da masana da dama suka yi jayayya a kai.

To amma wa ake yi wa wannan lissafi? Mashayin da ya shekara ashirin yana busa taba, ya daina kwata-kwata ya koma na'urar. Wanda ke haɗa biyun ma bai tsira ba. Abokina kuwa daga iska mai tsabta ya taso.

Tururin nan ba na ruwan shayi ba ne. Akwai nikotin, da sinadaran ƙamshi da aka yi domin ciki, ba domin huhu ba, kuma idan wayar ciki ta yi zafi sosai tana iya fitar da fomaldehayid. Matasan da ke zuƙa sun fi yawan kukan tari da sarƙewar numfashi, masu asma kuma abin na tayar musu da ita. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, ta kwantar da mutane fiye da 2,800 a asibiti, 68 suka mutu. An gano yawanci ruwan da aka gauraya da sinadarin wiwi ne a kasuwar bayan fage. Mu nan wa ke duba abin da ke cikin wanda ake sayarwa a shago?

Ga kuma batun lokaci. Sai a 2003 wani masanin haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro irin na'urar da ake gani yau, alhali sigari kan ɗauki shekaru ashirin zuwa talatin kafin ɓarnarta ta bayyana. Huhun ɗan Adam kuwa bai gama ƙarfafa ba sai tsakanin shekara 20 zuwa 25, wato daidai shekarunmu.

Abokina ya yi dariya ya ce na cika wa'azi. Da asuba na ga hannunsa na laluben ƙarƙashin filo tun kafin ya buɗe ido.